Littafin da Ya Jawahir Ba Ta Turara Ba

A layinmu na Rijiyar Lemo, idan mace ta shiga gidan Zaituna hayar littafi, ba bangon take fara dubawa ba, ba kuma sunan marubucin ba. Hanci take kai masa. In ta ji ƙanshin kajiji ya kama takardun, sai ta cusa shi cikin hijabi ta ce, "Wannan zan ɗauka." In kuwa ba ta ji komai ba sai warin tsohuwar takarda, sai ta mayar da shi kwali ta lalubo wani. Baƙuwa takan tsaya tana kallon ikon Allah, har sai an gaya mata cewa Ya Jawahir ce alƙaliyar littattafan unguwar nan, kuma da kaskon turare take yanke hukunci. Littafin da ya gamshe ta sai ta kifa shi a kan hayaƙi, ta bubbuɗe shafukan ƙanshi ya ratsa, sannan ta mayar. Wanda bai gamshe ta ba, yadda ya zo haka zai koma.

Allah ya jiƙan Ya Jawahir. A damunar nan da ta wuce ta rasu, kuma har yanzu akwai matan da ba sa iya buɗe kwalin Zaituna, don ƙanshin yana nan bai tafi ba.

Iyayenta mutanen Borno ne da suka zauna a Fagge tun kafin a haife ta. Babanta bandar kifi yake sarowa, mahaifiyarta kuma, Inna Fanta, turaren wuta da humra take haɗawa, a hannunta Jawahir ta gaji sana'ar. Karatun boko ba ta yi nisa ba, a farkon sakandare ta tsaya. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya mata biyu, mijin ya rasu, 'ya'yan suka yi nasu auren, ita kuma ta dawo gidansu ta zauna a ɗakin Inna. Doguwa ce mai ƙaramar murya, ba ta da saurin dariya, amma in ta fara sai ta yi hawaye. In ka shiga tsakar gidan da hantsi za ka same ta a kan kujera 'yar tsugunno, muciya a hannun dama tana juya itacen turare cikin tukunya, littafi a hannun hagu ta danne shi da babban yatsa. Sau da yawa turaren yakan kama saboda labari ya yi daɗi, sai ta ɗora wa marubucin laifin.

Ba ta neman wa'azi a littafi. "In wa'azi nake so na san hanyar islamiyya," haka takan ce. Abin da take nema shi ne mutanen cikin labari su yi magana yadda mutane ke yi, su ji yunwa, su manta abu a gida su koma ɗaukowa. Littafin da kowa a cikinsa yake da mota da gidan bene takan kai rabi ta ajiye ta ce, "Waɗannan ko zazzaɓi ba ya kama su."

Haka take yi wa waƙa ma. Akwai wani shirin rediyo da masu rubuta waƙa ke zuwa su rera abin da suka tsara, ba ya wuce ta. Wata rana wani ya rera ta'aziyyar mahaifiyarsa, baiti bayan baiti, kowane ɗango ya sauka daidai inda ya kamata. Matan gidan suna ta yabawa, ita kuwa ta girgiza kai. "Ya iya waƙa," in ji ta, "amma ya fi kula da ƙafiyarsa a kan uwar tasa. Har ya gama ban san ko doguwa ce ko gajera ba." Bayan 'yan makonni wani ya zo da waƙa mai ɗingishi a kan tsohon keken babansa, yadda sirdin ya lotsa daidai zaman tsohon. Wannan ce ta sa ta ajiye muciya ta saurara har ƙarshe.

Ba kullum take da gaskiya ba, kuma ta sani. Ta taɓa hana wani littafi ƙanshi don kawai sunan jarumar ya zo ɗaya da na wata mata da suka yi cacar baki a gidan biki. Zaituna ta tsare ta da magana, ta yi ta musu, daga baya ta karɓe shi a ɓoye ta turara.

Laifi ɗaya ne ba ta yafe wa marubuci: ya shigo da mutum cikin labari, ya sa ka san shi, sannan ya manta da shi. Da yake marubutanmu kan sa lambar wayarsu a bayan littafi, sai ta kira. Zaituna na zaune ranar da ta kira wani.

"Salamu alaikum. Malam, kai ne ka rubuta littafin nan?"

"Ni ne, Hajiya. Allah ya sa ya yi daɗi."

"Ya yi daidai gwargwado. Ina ka kai Ɗanlami?"

"Wane Ɗanlami kuma?"

"Kin ji ko, shi ma bai san shi ba," ta ce da Zaituna, ko janye wayar daga baki ba ta yi ba. "Ɗanlami wan amarya, wanda ka aika tasha a kashi na ɗaya ya jira kaya. Ga shi na gama kashi na uku, an yi biki, an yi suna, bawan Allah na can tsaye a tasha."

Mutumin ya yi dariya har da tari. "Hajiya, ai labari ne. Ki ɗauka ya koma gida."

"Ni zan ɗauka? Kai ka kai shi, kai za ka dawo da shi. In ma mutuwa ya yi, ka faɗa mana mu sani."

Ya ce to, zai duba a bugu na gaba. Ta kashe wayar. Zaituna da ta fara dariya sai ta haɗiye abarta, don ta san ba a kan Ɗanlami ake magana ba.

Jawahir tana da ƙane, Abdulgani, autan Inna Fanta. Shi yake zuwa Maiduguri ya saro musu kayan haɗin turare. A shekarun da hanyar gabas ta rikice, ya shiga mota wata safiya, ya yi waya daga Potiskum ya ce sun tsaya cin abinci, daga nan ba a sake jin muryarsa ba. Ba a ga motar ba, ba a ga gawa ba, babu wanda ya zo ya ce ya gan shi. Yayansu, Alhaji Bahauddeen, ya bi hanyar gari gari yana cigiya har ƙarfinsa ya ƙare. Saurayi ne Abdulgani a lokacin, mai wushirya, mai yawan tsokana, ko aure bai yi ba. Inna Fanta ta yi ta jira har ta rasu, fuskarta na kallon ƙofa.

Bayan rasuwar Inna, Alhaji Bahauddeen ya ce lokaci ya yi da za a tara malamai a yi wa Abdulgani addu'a irin wadda ake yi wa mamaci, a fitar da kayan sawarsa sadaka. Jawahir ta ce ba da ita ba. "Wa ya ga gawarsa? Yaya, ka nuna min kabarin tukuna." Duk shekara sai ya sake ta da maganar, duk shekara amsar ɗaya ce. Shi kuma ba ya so ya yi ba da yardarta ba, ga shi akwatin kayan a ɗakinta yake. Fiye da shekara goma aka yi a haka.

Takan ce tana jin sa. Da rana tsaka ne ma, bayan azahar, lokacin da layi ya yi tsit. Abdulgani yana da wata irin tafiya ta jan silifa, ƙafar hagu ta fi jan ƙasa. Sai ta ji wannan jan takalmin ya shigo soro, ya zo daidai labulen da ya raba soron da tsakar gida, ya tsaya. Takan riƙe numfashi tana jiran sallama. Labulen ko motsi ba ya yi. Tun tana tashi ta leƙa har ta daina, sai dai ta ɗaga kai daga littafi ta jira, in shirun ya yi yawa ta koma inda ta tsaya.

Babbar ƙawarta a Sabon Gari take. Felicia Nwabueze tana sayar da kwalabe a kasuwa, wankakku, manya da ƙanana, irin waɗanda ake zuba humra. Ciniki ne ya haɗa su tun da ƙuruciyarsu, aka fara da faɗa a kan murfin da ba ya rufuwa, aka ƙare da cin abinci a kwano ɗaya. Felicia haifaffiyar Kano ce, Hausarta har ta fi ta Jawahir gudu. Ita ke kiranta Sarauniyar Hayaƙi, Jawahir kuma ta ce da ita Maman Muna mai kwalba. Felicia ba ta karanta littafi, ta ce ƙaryar masu rai ma ta ishe ta. Amma 'yarta Munachi a tsakar gidan Jawahir ta koyi karatun Hausa, a kan littattafan haya. Ta girma, ta samu aiki a wani shagon magani a Titin Ibrahim Taiwo, ta kuma fara rubuta gajerun labarai da Hausa tana tura wa masu karatu ta waya. Tana ƙarama ta san Abdulgani sama-sama. Sauran abin da ta sani game da shi a bakin Jawahir ta ji.

Wata Lahadi bayan an tashi daga coci, Munachi ta zo da leda. A ciki takardu ne masu kauri, an buga an ɗinke.

"Anti, na rubuta dogo. Babu wanda ya gani, ko Mama. Ke za ki fara."

"Allah ya sa ba masu gidan bene ba ne."

"Ko keke ba su da shi," in ji Munachi tana dariya, amma ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Tun a shafukan farko Jawahir ta gane gidan. An sauya sunaye, an mayar da turare ya zama ɗinkin hula, amma soron nasu ne, labulen ma nasu ne. Matar cikin labarin tana jiran ƙanenta da ya shiga mota bai dawo ba. Kullum in za ta auna shinkafa takan ƙara hannu guda, in an tambaye ta ta ce kuskure ne. Jawahir ta ajiye takardun ta dubi tukunyar da ke kan murhu. Ba ta taɓa zaton wani ya lura ba. Matar nan kuma ba a mayar da ita waliyiya ba. Tana da taurin kai, tana ɗaga wa yayanta murya, akwai ma ranar da haushin wanda ya ɓata ya kama ta har ta zage shi a ranta. Duk an faɗi wannan ba tare da an roƙi mai karatu ya yi kuka ba.

"Yarinyar nan ta iya," ta faɗa a fili, ita kaɗai a tsakar gida.

Sai babin ƙarshe. Ranar Juma'a bayan la'asar, jan silifa ya shigo soro, ya zo bakin labule, kuma a wannan karon labulen ya ɗaga. Ya shigo da shuɗiyar rigar da ya tafi da ita, yana dariya wushiryarsa a waje, ya ce yunwa yake ji, a ɗora masa burabusko. Yayar ta faɗi ta tashi. Unguwa ta cika gidan. A layi biyu kacal na rubutu aka ce wasu ne suka tsare shi a daji ya kuɓuta, sannan aka ci aka sha aka yi hamdala.

Jawahir ta karanta babin, ta sake karantawa. Ta yi kukan da ko ranar rasuwar Inna ba ta yi irinsa ba, kuma kuka ne mai daɗi. Kwanaki ta yi tana yawo da takardun daga ɗaki zuwa tsakar gida, ba ta ɗora tukunyar turare ba, masu saye suka zo suka koma. A kwanakin nan ko sau ɗaya ba ta ji jan takalmin ba, tunda a ganinta ya riga ya shigo.

Ranar da za ta mayar da littafin ta hura garwashi a kasko, ta ɗebo turaren da take ɓoye wa amare ta barbaɗa, hayaƙi ya miƙe. Ta ɗauko takardun da hannu biyu. Babin ƙarshe ta buɗe, don nan take so ƙanshin ya fi kamawa. Idonta ya sauka a kan maganar burabusko, sai hannunta ya tsaya.

Bai tambayi Inna ba.

Ta bi babin layi layi da yatsa. Bai tambaya ba. Abdulgani da ko daga masallaci ya dawo tun daga soro yake ƙwala wa Inna kira, shi ne zai yi shekaru a hannun mutane, ya shigo gida ya fara da neman abinci? Kuma da ya tambaya, dole wani ya buɗe baki ya gaya masa cewa ta mutu tana kallon ƙofa, wannan wanin kuwa ita ce. Ta duba rigar, ba ta koɗe ba. Ta duba haƙoran, babu wanda ya faɗi. Ba furfura, ba tabo, ba irin shirun mutumin da ya ga abin da ba ya faɗuwa. Ta zauna da littafin a cinya, turaren ya yi ta ƙonewa shi kaɗai har ya zama toka.

Ta san abin da zai biyo baya. A tsakar gidan nan Munachi ta koyi karatu, ta san ma'anar littafin da ya dawo babu ƙanshi. In ta turara babu wanda zai kama ta, yarinya za ta yi murna, ita kuma za ta ci gaba da buɗe babin nan duk ranar da kewa ta dame ta. Ta sake kai hannu ga kwalbar turaren, ta janye. Ta mayar da takardun cikin ledar da suka zo, ta tari adaidaita zuwa Sabon Gari.

Ta samu Felicia a barandar gidansu, zaune gaban baho tana wanke kwalabe.

"A'a, Sarauniyar Hayaƙi da kanta! Kin ɓata kwana biyu, na ce ko aure kika yi ba ki gaya min ba."

"Wa zai kwashi tsohuwa mai warin garwashi? Ina Muna?"

Munachi ta fito da sauri ta karɓi ledar. Ta zaro takardun ta kai hanci. Ta buɗe tsakiya ta sake shinshinawa. Ta buɗe ƙarshe. Sannan ta rufe a hankali.

"Zauna, 'yata," in ji Jawahir. "Daga farko har zuwa inda matar nan ta zagi ƙanenta a ranta, na daɗe ban karanta abin da ya kai shi ba. Wallahi har kunya na ji, kamar kin leƙo ni ina wanka. Amma babin ƙarshe ƙarya ne."

"Labari ai dama ƙarya ne, Anti."

"A'a. Matar nan ƙirƙirar ta kika yi, amma gaskiya ce, in na gan ta a hanya zan gaishe ta. Shi kuwa wanda ya ɗaga labule, hoton da ke bangon ɗakina ne kika ba shi ƙafa. Bai tsufa ba, bai rame ba, ko uwarsa bai tambaya ba."

"Ban so in sa miki baƙin ciki a wurin ba. Na so ko sau ɗaya ki ga ya shigo."

"Na gani, kuma na gode. Kwanaki na yi ina jin daɗinsa. Amma ba ni kaɗai zan karanta ba. Daga nan har Borno akwai mata da yawa da suke ƙara hannu guda a shinkafa. Za ki ce musu haka ake dawowa?"

Felicia ta tsame hannu daga ruwan kumfa ta yarfe. "Ke Jawahir, ki ji tsoron Allah. Yarinyar nan watanni ta yi ba hutu, daga shago sai rubutu, duk saboda ke. Ɗan hayaƙin da kike ba kowane mai littafi da ba ki san fuskarsa ba, shi ne za ki hana 'yarki? Me zai rage ki?"

"Da 'yar wani ce, Maman Muna, da na yi shiru na ce Allah ya ƙara basira."

"To ki mayar da ita 'yar wani mana, na yau kaɗai!"

Munachi ba ta ɗago ba. "To yaya kike so in ƙare shi?"

"Ban sani ba. Ni mai karatu ce."

"Ba ki sani ba." Munachi ta ɗago kai. "Ke ce kike kiran mutane a waya kina cewa kada a bar mutum a tasha. Na je na ɗauko miki shi, kin ce ba shi ba ne. Alhaji ya ce a yi masa addu'a, kin ce bai mutu ba. Ba ki yarda ya dawo ba, ba ki yarda ya tafi ba. To wa ya bar shi a tasha, Anti? Ba ke ba ce?"

"Munachi!" Felicia ta daka mata tsawa, ta ƙara da wata magana mai zafi da yarensu.

Jawahir ta ɗaga hannu. "Ƙyale ta." Ta miƙe ta gyara mayafi, ta yi musu sai an jima. Babu wanda ya amsa da ƙarfi.

Da ƙafa ta taho. Ta ratsa ta gefen Kasuwar Singa cikin 'yan dako da manyan motoci, ana ta danna mata hon ba ta ji. Gidan yayanta ta nufa. Ta samu Alhaji Bahauddeen a ƙofar gida kan tabarma yana jiran magariba. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Lafiya, Jawahir? Daga ina haka a ƙasa?"

"Yaya, ka kira malaman."

Ya dube ta. "An samu labari ne?"

"Ba a samu ba. Wanda nake jira ne na gane ba zai zo ba. Ko da Allah ya raya Abdulgani a wani wuri, wancan saurayin ya tafi. Mu bi shi da addu'a. In yana raye ta same shi, in ya mutu ta same shi."

Dattijon ya cire tabarau ya goge ido da hannun riga. Ya ce, "To, Allah ya yi miki albarka."

Aka yi addu'ar wata Alhamis da safe. Ita da kanta ta buɗe akwatin, ta fito da rigunan ɗaya bayan ɗaya ta ninke, Alhaji ya kai masallaci aka rabar. Felicia ta zo da kular shinkafa, ta ɗaura ɗankwali ta zauna cikin mata, yini guda ba ta tsokani kowa ba. Sai da za ta tafi ta sunkuyo ta ce, "Har yanzu fushi nake da ke."

"Na sani. Bar min kular, gobe kya zo ki ɗauka."

Munachi sai da mutane suka ragu ta zo. Ta zauna a bakin ƙofar ɗaki, ba ta shiga ba.

"Na cire babin, Anti."

"Me kika sa?"

"Ban sa komai ba. Duk abin da na rubuta sai in ji kamar za ki ce ƙarya ne."

"Ki daina rubuta shi don ni. Don ni kika yi wancan."

Munachi ta murza bakin zanenta. "Maganar da na faɗa miki ranar nan..."

"Da kin sa ta a bakin wani cikin littafin, da ya fi haka kyau. Shigo ki ci abincin uwarki, ya yi mana yawa."

Tun daga ranar ba ta sake jin jan silifa a soro ba. Mun zaci za ta samu sauƙi, amma ta ce gidan ya yi mata faɗi. Bayan azahar takan ɗaga kai daga littafi ta saurara, ba ta jin komai sai kukan tattabarun maƙwabta.

Gab da saukar damuna ta je Singa sayen sukarin haɗa turare. A cikin cunkoso ta hango wata riga ruwan ƙasa, aljihun hagu an yi masa faci da zaren da bai dace ba. Ita ce ta yi wannan facin. Wanda ke cikin rigar ɗan dako ne, yana tura kura cike da katan-katan. Ƙafafunta suka bi shi tun kafin ta yi shawara. Ya sha kwana, ta sha. Ya tsaya a inuwar wata rumfa ya huta, ya juyo yana share gumi.

Ba shi ba ne, ko kama ba su yi ba. Ramamme ne, haƙoransa na gaba sun zube, furfura ta fara cin gemunsa. Amma shekarunsa za su yi daidai da na Abdulgani da yana nan.

"Hajiya, kaya ne?"

"A'a, Malam. Rigarka nake kallo."

Ya shafa ƙirjin rigar yana ɗan jin kunya. "Sadaka ce aka ba ni a masallaci. An ce ta wani bawan Allah ce da ya riga mu. In na sa nakan yi masa addu'a, sai dai ban san sunansa ba."

"Abdulgani."

"Abdulgani," ya maimaita a hankali, kamar mai haddacewa. "Allah ya jiƙansa."

"Amin," in ji ta. A duk shekarun nan ba ta taɓa amsa wannan addu'ar da bakinta ba, ko ranar da malamai suka taru a ranta ta bar ta.

Ya kama kurarsa ya tura. Ta tsaya tana kallon bayan rigar har cunkoso ya rufe shi.

Ta dawo gida babu sukarin. Mun taru a tsakar gida ta ba mu labari, muryarta ƙasa-ƙasa, idonta a bushe. "Yau na ga shekarunsa," ta ce. "Ashe ya tsufa ban sani ba."

Ba ta daɗe ba bayan wannan ta kwanta, jinyar ma gajeriya ce. Allah ya sada ta da Inna Fanta, ya sada ta da wanda ta jira, a kowace irin kama ya zo mata.